Littafin Aiki: Shirya Na'urorin Sanyaya Ofis Kafin Zafi Ya Kankama

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau aka ba ni makullin rufin ginin. Ofis ne mai hawa biyu, kuma aikina shi ne in bi na'urorin sanyaya wurin ɗaya bayan ɗaya kafin zafi ya kankama, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A kan rufi akwai manya guda biyu, irin waɗanda komai nasu ke cikin akwati ɗaya, iska kaɗai ke sauka ta hanyoyinta zuwa ɗakuna. Ta farko tan 10 ce, mai kwamfuresa biyu (injin da ke matsa gas yana zagaya da shi), kowacce da layin gas ɗinta, ita ke riƙe da hawan ƙasa. Ta biyu tan 7.5 ce mai kwamfuresa ɗaya, ta hawan sama. Dukansu gas ɗin sanyaya mai suna R-410A ne a cikinsu. Sai esi uku na cikin silin a ɗakin taro masu R-32, da wata tsohuwa mai R-22 a ɗan ɗakin da aka jera kwamfutocin ajiyar bayanai.

Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya ɗauka tan ɗin nauyin na'urar ne. Na bayyana masa cewa ƙarfin kwashe zafi ake nufi: tan ɗaya BTU 12,000 ne a awa (BTU ma'aunin zafi ne), wajen kilowat 3.5, kuma sunan ya samo asali daga zafin da ke narkar da tan guda na ƙanƙara cikin awa 24.

Hajiyar da ke kula da ginin ta ce min, "Malam, ta saman nan ita ke ba mu ciwon kai. Duk shekara sai an ƙara mata gas, ta yi kamar wata biyu tana sanyi, sannan ta koma gidan jiya." Na tambayi kilo nawa ake zubawa, ba a taɓa gaya mata ba. Na nemi takardun ayyukan baya, babu ko ɗaya. Na ce mata, "Hajiya, gas ba man fetur ba ne da inji zai sha ya ƙare. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu. In ya ragu, akwai inda yake fita." Ta ce to a nemo wurin. Wannan littafin shi zai zama takardar da ginin bai taɓa samu ba.

Ban tayar da komai ba yau. An kashe babban makunnin rufin tun shigowar sanyi, don haka 'yan hitocin da ke ɗumama man kwamfuresa sun yi makonni ba wuta. A irin wannan hali gas kan koma ruwa ya narke cikin mai, in ka tayar a haka sai man ya yi kumfa ya bar boris a bushe. Na mayar da wuta, na kashe daga tamostat, wato 'yar na'urar da ake saita sanyin ɗaki da ita, sai gobe.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar awo. Al'adata ita ce ba na wanke komai ko ɗaure ko da noti ɗaya sai na rubuta yadda na tarar da na'ura, in ba haka ba ba zan san abin da aikina ya canja ba.

Zafin waje digiri 34 da ƙarfe ɗaya. Ta biyu, bayan minti ashirin tana aiki: jan geji, mai auna matsin gas a ɓangaren matsi mai yawa, psi 445 (psi ma'aunin matsi ne), shuɗin geji, na ɓangaren ƙaramin matsi, psi 100. Ga R-410A, psi 100 na nufin gas yana tafasa cikin koyil ɗin ciki (jerin bututun da iskar ɗaki ke ratsawa ta yi sanyi) a kusan digiri sifili, wato a bakin daskarewa ke nan, kuma da na leƙa na ga farar raɓa ta fara kama layukan ƙasa. Psi 445 kuwa na nufin yana komawa ruwa cikin koyil ɗin waje a wajen digiri 52, digiri 18 sama da iskar waje, wanda ya yi yawa. Kwamfuresa tana jan wuta amfiya 13.5, farantin jikinta ya ce iyakarta 14. Iskar da ke fitowa a ofisoshin sama ba ta da ƙarfi, da ƙyar take motsa takarda.

Yaron ya dubi shuɗin geji ya ce, "Maigida, gas ne ya yi ƙasa, in ɗauko tukunya?" Na ce ya bari tukuna. Shuɗin geji yana sauka in gas ya ragu, yana kuma sauka in iska ba ta ratsa koyil yadda ya kamata. Jan geji yana hawa in gas ya yi yawa, yana kuma hawa in koyil ɗin waje ya toshe da datti. Muddin iska ba ta tafiya daidai a ɓangarorin biyu, geji ba zai gaya maka gaskiyar gas ba. Nan ne masu aiki da yawa ke zamewa, kuma ina jin a nan aka sha zamewa a ginin nan.

Ta farko tana sanyi, amma layinta na biyu jan geji ya kai psi 470, fankarta ɗaya kuma sai ta yi gurnani kafin ta tashi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kafin mu buɗe murfi na kashe wuta, na sa kwaɗona a makunni, makullin yana aljihuna, sannan na gwada da mita na tabbatar babu wuta. Yaron ya san wannan ba abin gardama ba ne a wurina.

Matatun iskar ta biyu sun toshe har sun lanƙwashe sun zurma ciki, ɗaya ma ta fita daga layinta, iska na bi ta gefe da ƙurarta zuwa koyil. Shi ya sa fuskar koyil ɗin ta yi kamar an shimfiɗa mata bargo. Mun share da burushi mai laushi muna bin tsayin fikafikan aluminiyam ɗin, don in ka yi a kwance za ka kwantar da su, sannan muka fesa maganin wanki marar kaifi muka ɗauraye da ruwa kaɗan-kaɗan.

Bel ɗin fankar da ke tura iska ya saki, gefensa ya yi santsi yana ƙyalli, ga baƙin garin roba a ƙasa. Na sa sabo. Tazarar da ke tsakanin fuli biyun wajen inci 16 ce, ƙa'idar kuwa a danna tsakiya ya lotsa 1/64 na inci a kowane incin tazara, wato kwatan inci a nan, wajen milimita 6. Kada a ja shi ya yi tauri kamar tsirkiya da sunan kada ya sake saki, domin boris ɗin motar da ke juya fankar ne zai biya. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyun, na ga sun ɗan kauce wa juna, na daidaita. Boris ya sha giris, matsi biyu kawai.

Abin da ake nema shi ne iska kubik-ƙafa 400 a minti ga kowane tan. Ga tan 7.5, kubik-ƙafa 3,000 ke nan, wajen kubik-mita 5,100 a awa. Ban auna na jiya da na'ura ba, amma yau da na sauka ƙasa wata ma'aikaciya ta ce min takardun teburinta sun fara tashi.

Wani abu da na gano a ta farko: 'yar ƙofar da ke shigo da iskar waje ta maƙale a buɗe fiye da rabi, sandarta ta yi tsatsa. Wato duk zafin bara na'urar tana ta sanyaya iskar waje. Na warware, na shafa mai, na mayar da ita inda aka tsara. Ba a rufe ta ruf, mutane na buƙatar sabuwar iska.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wankin koyil ɗin waje ya cinye yinin gaba ɗaya, kuma shi ne aikin da na fi so a yi da natsuwa. Daga waje koyil ɗin ta biyu bai yi muni sosai ba. Sai da muka cire murfin sama da fanka na haska tocila daga ciki, haske ya ƙi fita. Koyil ɗin jeri biyu ne a manne, kuma dattin yana tsakaninsu, ƙura da auduga da gashin tsuntsu sun dunƙule sun zama kamar tabarma. Wanda ya tsaya daga waje ya watsa ruwa da tiyo ƙara tura dattin ciki yake yi. Mun kwance maɗaurin gefe, muka buɗa jerin biyu a hankali kamar faɗin tafin hannu, ba tare da mun murɗe bututun jan ƙarfen ba, muka wanke daga ciki zuwa waje. Ruwan da ya fara fita laka ce zalla. Sai a zuba na huɗu ya fito fari.

Ban yarda da injin wanki mai matsi a kan koyil ba. Fikafikan nan sun fi gwangwani sirantaka, minti ɗaya ya isa ya kwantar da rabin fuska, kuma abin da ya kwanta ya toshe ke nan. Ruwan famfo da haƙuri sun wadatar. Haka maganin wanki mai kaifin da ke kumfa yana hayaƙi: yana burge mai kallo, amma aluminiyam ɗin yake ci, in kuma ba a ɗauraye sosai ba zai ci gaba da ci bayan ka tafi. Inda ƙanƙara ko gwiwar wani ta lanƙwasa fikafikai, yaron ya bi da matajin koyil ya miƙe. Ya yi kyau a wannan, hannunsa ya fi nawa sanyi.

Kafin ruwa ya taɓa ko'ina na zagaya ina neman tabon mai, domin inda gas ke fita mai na biye da shi, ƙura kuma ta manne ta yi baƙi. Na ga wani danshi-danshi a ƙasan akwatin ta biyu kusa da kwamfuresa. Na zagaye shi da alli na bar shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ofis ba kowa, sai muka shiga ɓangaren wuta. Kafasitar fankar da ke gurnani, wato 'yar gwangwanin da ke taimaka wa motar fanka ta tashi, an rubuta mata maikurofarad 10, da rangwamen kashi 6 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato kada ta gaza 9.4. Mita ta nuna 7.8. Ba ta kumbura ba, ba ta zubar da mai ba, ido ba zai taɓa kama ta ba. Na sauke cajinta, na canja. Sauran ukun suna cikin iyaka.

Kwantaktar ta biyu, wato makunnin da ke haɗa wa kwamfuresa wuta, ita ta fi ɗaga min hankali. Ta gefen da wuta ke shigowa na samu bolt 401, 399 da 397 a tsakanin layuka ukun. Ta gefen da ke fita zuwa kwamfuresa kuwa 402, 398 da 385. Lissafin ba wuya: a haɗa ukun a raba uku, 395. Wanda ya fi nisa da wannan shi ne 385, tazarar 10. A raba 10 da 395, kashi 2.5 cikin ɗari. Ta gefen shigowa rabin kashi ɗaya ne kacal, don haka laifin ba na wutar gari ba ne, a cikin kwantakta yake. Da na buɗe, bakin ɗaya ya ƙone ya yi ramuka, ga gawarwakin tururuwa a tsakani. Abin da ya wuce kashi 2 ba a barin sa, saboda ƙarin zafin da waya ke ɗauka a cikin motar kwamfuresa yana tafiya ne da ninki biyu na murabba'in wannan kason: a nan kusan kashi 13 ke nan, a kwamfuresar da dama take aiki a bakin iyakarta. Wasu kan goge bakin da fayil su mayar. Ni ba na yi, domin rufin azurfar da ke kai shi ake kankarewa, bayan 'yan makonni ya manne, kwamfuresa ta ƙi tsayawa.

Mun bi dukan sukurorin wayoyi mun ɗaure. Biyu sun saki har robar wayar ta canja launi, na yanke na sake kai.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sabuwar kwantakta ta zo, na ɗaura. Kuskure ya faru kuma nawa ne: ban sa alama a wayoyin ba kafin in cire, na sauya biyu. Da na tayar, kwamfuresa ta ɗauki wata ƙara mai kaushi, geji biyun suka tsaya cak ba wanda ya motsa, amfiya kuma ƙasa. Kwamfuresa mai dunƙulen katantanwa in an juya mata layi baya take juyawa, ba ta tura komai, zafi kawai take tarawa. Na kashe cikin daƙiƙa goma, na mayar da wayoyin, ta tashi lafiya. Na rubuta a nan don ya zauna, na kuma gaya wa Hajiya. Yanzu kowace waya tana da lambarta a jiki, kuma yaron ya ji wannan ƙarar da kunnensa, ba zai manta ta ba.

Bayan gyara: 401, 399, 397 a gefen fita.

Talata, 18 ga Fabrairu

Yanzu da iska ta daidaita ciki da waje, geji na iya magana. Zafin waje 34, kamar makon jiya.

Abu biyu nake aunawa. Na farko rarar zafi: zafin babban bututun da ke komawa kwamfuresa, a cire zafin da gas ke tafasa a matsin shuɗin geji. Na biyu rarar sanyi: zafin da gas ke komawa ruwa a matsin jan geji, a cire zafin ƙaramin bututu. Na farkon yana gaya maka ko koyil ɗin ciki yana samun isasshen ruwan gas, na biyun ko akwai isasshen ruwan da ya taru kafin bawul ɗin da ke sakinsa zuwa koyil ɗin ciki.

Ta biyu: jan geji ya faɗo daga 445 zuwa 340, wato wajen digiri 40.5, ƙaramin bututu 39.5. Rarar sanyi digiri ɗaya tak, alhali farantin na son 6. Shuɗin geji 105, wajen digiri 1, babban bututu 19, rarar zafi 18. Gas ya yi ƙasa da gaske. Yaron ya yi murmushi ya ce ai ya faɗa. Na ce ya faɗa, amma makon jiya dattin koyil ya ɗaga jan geji har ya rufe ƙarancin, da mun zuba a ranar da ba mu san nawa za mu zuba ba.

Shaidar hakan tana can a ta farko. Layinta na biyu, bayan duk wankin, rarar sanyinsa digiri 13, jan geji 430. Gas ya yi masa yawa. Ina kyautata zaton wani ya taɓa ganin shuɗin geji a ƙasa saboda toshewar matata, ya ɗura. An yi gudun gara an tadda zago. Na janye rarar cikin tukunyar ajiya a kan sikeli, gram 900, rarar sanyi ta dawo 6, amfiya ta sauka da kusan ɗaya da rabi. Ba a sake shi a iska. R-410A kilo ɗaya yana riƙe zafi a sararin sama kamar kilo 2,000 da ɗoriya na iskar kabon.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Neman yoyo. Na fara da wuraren da aka saba: bakin bawul ɗin da ake ɗaura geji, inda na tarar ɗaya ba murfi. Ruwan sabulu ya nuna ɗan kumfa a allurarsa, na canja ta na sa murfi mai roba a ciki. Sai dai wannan bai kai ya zubar da abin da ake ƙarawa duk shekara ba.

Na koma wurin allina. Na'urar shinshina gas ta yi ta kuka a wajen, amma iskar rufi na kwashe warin, sai da muka kare da kwali. Bututun da ke fita daga kwamfuresa yana wucewa dab da gefen wani ƙarfe, robar da ta raba su ta ruɓe ta faɗi tun tuni. Shekaru yana gogawa duk lokacin da na'ura ke aiki, har ya ci jan ƙarfen ya yi ɗan tsagi da ba ya ganuwa sai da madubi, ta ƙasa. Sabulu ya hau ya yi ƙwai. Wannan ya kuma bayyana maganar Hajiya ta wata biyu: a layin matsi mai yawa yake, don haka ya fi zuba a tsakiyar zafi, lokacin da jan geji ke sama.

Na kira ta ta hau rufin, na miƙa mata madubin. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ɗan abin ne duk shekarun nan?" Gani ya kori ji. Ta amince a kashe hawan sama daga Juma'a zuwa Litinin.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na janye gas ɗin duka. Farantin ya ce kilo 6.5, abin da ya fito 4.7. Na yanke wurin da ya cinye na sa sabon guntu maimakon in liƙe tsagin, tunda bangon bututun ya riga ya sirance. Duk tsawon waldar naitirojin na bi ta ciki a hankali. In ba haka ba cikin bututun yakan yi baƙin ɓawo, wanda daga baya zai ɓare ya je ya toshe bawul. Na canja matatar da ke tsotse danshi a ƙaramin layi, domin man da ke tafiya da R-410A yana shan danshin iska da sauri, duk layin da aka buɗe sai an canja ta. Na matsar da bututun daga ƙarfen, na sa sabon maɗauri mai roba.

Na cika da naitirojin psi 240, daidai abin da farantin ya yarda wa ɓangaren ƙaramin matsi. Ƙarfe biyar, zafin waje 33.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Da safe geji 231. Yaron ya ce akwai sauran yoyo. Zafin waje 22 ne a lokacin, naitirojin kuwa a wannan matsin yana sauka kusan psi ɗaya ga kowane digiri. Muka jira har ƙarfe biyar, ya koma 240.

Muka zuƙe iskar da ke cikin layin da famfon zuƙa, da sabon mai a cikinsa da gajerun tiyo masu kauri. Ya sauka maikuron 480 (ma'aunin ɗan matsin da ya rage a ciki), na rufe bawul, cikin minti goma ya haura 1,100 ya tsaya. In ya hau ya tsaya danshi ne, in ya yi ta hawa ba tsayawa yoyo ne. Na karya da naitirojin na sake zuƙa, sau biyu. A na uku ya sauka 350, bayan minti goma sha biyar yana 430. Na yarda.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Kilo 6.5 a kan sikeli, a ruwansa, tunda R-410A haɗin gas biyu ne, R-32 da R-125 rabi da rabi, kuma a ruwa ake ɗura shi don haɗin ya shiga yadda yake. Zafin waje 35. Shuɗin geji 125, rarar zafi 6. Jan geji 390, rarar sanyi 6. Amfiya 11.4. Iskar da ke komawa digiri 25, wadda ke fitowa 15.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Akwai tabon ruwa a silin ɗin baranda ta sama, daidai ƙarƙashin ta biyu, wanda aka daɗe ana ɗora wa rufin laifi. Bututun zubar da ruwan na'urar a miƙe yake, ba shi da lanƙwasar nan mai kama da harafin U. A irin wannan na'ura fanka janyo iska take ta cikin koyil, don haka tiren ruwan yana wurin da ake zuƙa. In babu ruwa a lanƙwasa da zai toshe hanya, iska ce ke shigowa ta bututun ta hana ruwa fita, tire ya cika ya malala cikin hanyar iska. Sai fanka ta tsaya ruwan ke zubowa waje, mai dubawa ya ga yana zuba ya ce lafiya lau. Na haɗa lanƙwasa mai zurfin da ya fi ƙarfin zuƙar fankar, na cika ta da ruwa, na wanke yauƙin da ke cikin tiren. Na zuba bokiti guda fanka na aiki, ya fita tsaf. Ta farko tana da lanƙwasa, amma ta bushe ta cika da ƙasa.

Na cikin silin ɗin ɗakin taro ba su ba da wahala ba. Wankin raga, wankin tire, gwada 'yan famfunan da ke ɗaga ruwa. Ɗaya maballin da ke yawo a kan ruwa ya maƙale da yauƙi. Robar da ta naɗe bututansu a waje rana ta cinye ta, tana marmashewa a hannu, mun sake naɗewa muka rufe da abin da zai kare ta. Na ja kunnen yaron cewa R-32 yana iya kamawa da wuta ko da ba da sauri ba, ba a kusantar layinsa da harshen walda sai an janye an kuma hura naitirojin.

Talata, 4 ga Maris

Yau zama muka yi da Hajiya a kan abu uku.

Tamostat ɗin ƙasa kullum a 16 nake samunsa. Waɗannan manyan na'urori ba su da saurin gudu iri-iri, ko suna aiki ko sun tsaya, don haka 16 ba ya kawo sanyi da wuri, hana su hutawa kawai yake yi. Mun tsaya a 24. Na kuma mayar da fanka ta riƙa tsayawa tare da kwamfuresa a ofisoshin da ake kukan danshi, saboda in ta ci gaba da busawa ruwan da ke kan koyil komawa ɗaki yake yi. Mutane na mancewa cewa rabin daɗin esi rage danshi ne. Na'urar da Willis Carrier ya tsara a 1902 ma don wata maɗaba'a ce a Burukilin ta Amurka, inda danshi ke sa takarda ta miƙe launuka su kauce wa juna. Tamostat ɗin sama kuma an kafa shi a saman injin kwafe takardu, yana jin zafin injin ya ɗauka na ɗakin ne. Za a matsar da shi.

Na biyu, tana son a koma matata mai lamba MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin tace ƙura) maimakon 8 saboda masu asma. Niyyar mai kyau ce kuma ina goyon baya, amma matata mai ƙananan ramuka ta fi riƙe iska, in kuma aka cusa mai kaurin inci 2 a wannan gurbin za mu iya komawa inda muka fito. Na ba da shawarar a faɗaɗa gurbin ya ɗauki mai inci 4, wadda ke da faɗin fuska sosai, sannan in auna matsin iska kafin da bayan sawa.

Na uku tsohuwar mai R-22. Tana aiki, amma koyil ɗinta ya fara ruɓewa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin da ba ya jure awa biyu ba sanyi. Gas ɗinta yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa a daina saboda lahanin da suke yi wa rufin ozon, samunsa sai ƙara wuya yake. Ba kuma a zuba mata R-410A, matsinsa ya fi nata da fiye da rabi, mansu ma ba ɗaya ba ne. Na ce a sayi sabuwa, a bar tsohuwar a matsayin ta ko-ta-kwana. Ta ce za ta kai maganar gaba.

Alhamis, 6 ga Maris

Kwana goma da ɗura gas. Zafin waje 37. Ta biyu: rarar sanyi 6, rarar zafi 7, amfiya 11.9. Na shafa farin ƙyalle a sabuwar waldar, ba mai. Silin ɗin baranda a bushe.

Da sauran rina a kaba. Motar fankar waje ta layin farko a ta farko ta fara wani siririn kuka in ta yi zafi, na yi odar irinta, ba ta iso ba. Mai aikin ƙarfe zai zo ranar Asabar ya auna gurbin matata. Tamostat ɗin sama yana nan a kan injin kwafi har mai wayarin ya samu lokaci. Na manna kati a cikin murfin kowace na'ura da awon da na bari da kwanan wata, na kuma nuna wa mai gadin ginin yadda zai zare matata ya ɗaga ta a rana duk mako biyu, in haske bai ratsa ba ya kira ni. Na roƙe shi kada ya ƙara kashe babban makunnin rufi ranar Juma'a, a kashe daga tamostat. Awo na gaba ranar 20 ga wata, da ƙarfe biyu na rana.